Karayar gwiwar hannu a yaro ɗan shekara 7: daga faɗuwa zuwa ƙandarewar yatsu

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da mangwaro ke nuna, masu aikin ƙashi a asibitocin Arewa kan ga ƙaruwar yaran da ake kawowa da kumburarriyar gwiwar hannu. Da yawansu karaya iri ɗaya ce: ƙashin damtse ya karye daga ƙasa, dab da saman gwiwa. Ita ce karayar gwiwar hannu da ta fi yawa a yara, kuma ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7. Lamarin da za a bi a nan na koyarwa ne, an harhaɗa shi daga yadda irin wannan rauni ke tafiya idan an fara da ɗori a gida kafin a zo asibiti.

Faɗuwar da ɗorin farko

Yaro ne lafiyayye, ba shi da sikila, bai taɓa karyewa ba. Bayan la'asar ya faɗo daga reshe mai tsayin kamar mita 2, ya tokare ƙasa da tafin hannun hagu, gwiwa a miƙe. Kafin magariba gwiwar ta kumbura, hannun ya karkace, amma yatsu na motsi kuma da ɗumi.

Aka kai shi wurin mai ɗori. Mutum biyu suka danne shi, aka ja hannun sau da dama, aka shafa man kaɗanya da haɗin magani, aka lanƙwasa gwiwar sosai har tafin hannu ya kusa kafaɗa. Sannan aka jera karan ɗori tun daga tsakiyar damtse har wuyan hannu, aka naɗe da tsumma, aka ɗaure tam.

Cikin dare kukan ya canza. Ba kukan wanda aka taɓa wa ciwo ba ne, kuka ne marar tsayawa, yaron yana ta birgima yana neman a kwance masa hannu. Mahaifiyar ta ce a kwance, dattawan gida suka ce ƙashi ne yake kamawa. Aka sayo maganin ciwo a kemis, aka ba shi, bayan awa biyu aka ƙara. Da asuba kukan ya ragu, gida ya ɗauka sauƙi ne. Da hantsi aka ga yatsun sun yi suntum, sun yi duhu, sun yi sanyi, sun lanƙwashe. Ya iso asibiti bayan kimanin awa 17 da ɗaurin.

Me ya sa nan ne ya karye

  Idan aka bi hanyar da ƙarfin faɗuwa ya bi a jikin wannan yaro, za a ratsa yawancin nau'o'in ƙashi.

Ƙarfin ya shiga ta wuyan hannu, inda gajerun ƙasusuwa 8 suke jere layi biyu. Cikinsu saƙa-saƙa ne, kuma a shekara 7 guringuntsi mai kauri yana lulluɓe da su, don haka ba kasafai suke karyewa a yaro ba. Suka miƙa nauyin ga dogayen ƙasusuwa biyu na sangalin hannu, daga nan ya haura zuwa gwiwa. Da ya wuce gwiwa lafiya, da ya isa allon kafaɗa, wanda faffaɗan ƙashi ne irin na ƙoƙon kai da ƙashin ƙirji, ko ya karya ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji. Sauran nau'i biyun, wato ƙasusuwan da ba su da tsayayyen fasali irin na gadon baya, da waɗanda ke zaune cikin agara irin ƙoƙon gwiwar ƙafa, ba su shiga wannan hanya ba. Duk da haka, yaron da ya faɗo daga bishiya sai an duba kansa, wuyansa da bayansa kafin a tsaya kan hannun da ya fi jan ido.

Ƙashin damtse dogon ƙashi ne. Gangar jikinsa zagayayye ne mai tauri, da ɓargo a ciki, amma yana dosar gwiwa sai ya baje ya yi faɗi. A nan akwai rami ta gaba, akwai rami ta baya, domin kawunan ƙashin sangali su sami wurin shiga idan an lanƙwasa ko an miƙe hannu. Abin da ya rage tsakanin ramukan biyu ɗan siririn faranti ne, da ginshiƙi ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. A ƙananan yara jijiyoyin da ke riƙe gaɓa suna da sassauci, gwiwa kan miƙe har ta zarce. Idan ta zarce da nauyin jiki a kanta, tsinin gwiwa sai ya doki ramin baya, ƙashin ya ɓalle a daidai wurin da ya fi rauni. Fiye da kashi 95 cikin 100 na irin wannan karaya ta haka suke faruwa.

Abin da ya sa ake tsoronta shi ne inda guntayen ke nufa. Guntun ƙasa yana komawa baya tare da sangali, kaifin guntun sama kuma ya soko gaba, inda babbar jijiyar jinin hannu da jijiyar ji da motsi ta tsakiya suke wucewa gefe da gefe.

Abin da aka tarar

Aikin farko ba hoto ba ne. An yanke tsumman duka har fata, an cire karan, an cire kambun fata da ke damtsen, wanda shi ma ya nutse cikin kumburi. Fatar ta yi bororo a inda kara ya danne. Sangalin ya yi tauri, ba ya lotsawa. A gaban gwiwa akwai ɗan loɓawar fata da taruwar jini, alamar kaifin ƙashi ya huda tsoka ya kamo fata ta ciki.

Ba a ji bugun jini a wuyan hannu ba. Da aka danna farce aka saki, jan bai dawo ba sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 5, alhali lafiyayyen hannu ba ya wuce 2. Da aka ɗan miƙar da yatsun, yaron da ya yi lamo ya ƙwala ihu. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace nauyi.

Jijiyoyin ji da motsi uku ake gwadawa, kuma da wasa ake yi wa yaro. A ce ya haɗa kan babban yatsa da na manuniya su yi zobe. Idan ya kasa lanƙwasa gaɓar ƙarshe, reshen jijiyar tsakiya da ke shiga can cikin sangali ya taɓu, kuma shi ne ya fi taɓuwa a wannan karaya. A ce ya ɗaga babban yatsa da wuyan hannu, wannan ta waje ke nan. A ce ya ware yatsu ko ya ɗora ɗaya kan ɗaya, wannan ta ciki. Yaron ya iya ɗaga babban yatsa kaɗan, ya kasa zobe, bai ji taɓi a kan manuniya ba.

Hoton ƙashi biyu aka ɗauka, na gaba da na gefe, ba tare da an murɗa hannun ba. Karanta hoton gwiwar yaro yana da tarko, domin ƙarshen ƙasusuwan guringuntsi ne da ba ya fitowa a hoto. Cibiyoyin ƙashi 6, wato wuraren da guringuntsi ke fara zama ƙashi, su ne ke bayyana a gwiwa bi da bi, a kusan shekara 1, 3, 5, 7, 9 da 11, kuma wanda bai san jerin ba zai iya kiran lafiyayyar cibiya ɓallin ƙashi. A hoton gefe akan ja layi a bisa gaban ƙashin damtse. A lafiyayyar gwiwa yakan ratsa dunƙulen ƙashin da ke ƙasa ta waje. A nan bai ko kusance shi ba. Bisa rabe-raben da likita Gartland ya fitar a 1959, mataki na ɗaya ƙashi ya tsage bai goce ba, na biyu ya karkace amma bangon baya na riƙe, na uku ya rabu gaba ɗaya. Wannan na uku ne.

Inda ɓarnar take

Ƙashin ba shi ne gaggawa ba. Ƙashin yaro yana da tantani mai kauri a jikinsa, mai yalwar jini, kuma ko an bar shi yadda yake zai kama cikin makonni kaɗan, ko da a karkace. Tsoka ce ba ta jira.

Tsokokin sangali suna zaune ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki naɗe cikin farin tantani mai tauri wanda ba ya buɗawa, kamar fatar da aka ɗaure wa ganga. Idan tsoka ta kumbura a ciki, matsi ke ƙaruwa. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya su ne ke fara toshewa, saboda bangonsu laushi ne. Jini na shiga, ba ya fita. Ruwa ya ƙara tsattsafowa cikin tsoka, matsi ya ƙara hawa, har ƙananan hanyoyin da ke ciyar da tsokar su rufe. Babbar jijiya tana iya ci gaba da bugawa a wuyan hannu alhali tsokar da ke kewaye da ita tana mutuwa, shi ya sa jiran ɓacewar bugu kuskure ne babba. Tsokar da aka yanke wa jini gaba ɗaya takan fara mutuwar da ba dawowa bayan awa 6 zuwa 8. Jijiyoyin ji suna daina aiki tun kafin nan, kuma wannan ne ya bayyana shirun da yaron ya yi da asuba: ba sauƙi ba ne, jijiya ce ta gaji da kai saƙo.

A wannan hannu abubuwa uku suka haɗu. Jan da aka yi ta maimaitawa, yaro na turjewa, ya ƙara yaga tsoka da kaifin ƙashi. Lanƙwasa kumburarriyar gwiwa fiye da digiri 90 ya matse jijiyar jini a kan karayar, kuma wannan kaɗai ya isa ya rage jinin da ke sauka. Ɗaurin da ya zagaye hannu ya hana kumburi wurin zuwa, alhali kumburin karaya ƙaruwa yake yi a kwana ɗaya zuwa biyu na farko. Abin da ya zauna daidai da magariba ya zama shaƙa da tsakar dare. Maganin ciwon kuwa ya rufe bakin alamar da ta rage. A yara ma ba a dogara da abin da suka faɗa. Ana duba tashin hankali, rashin natsuwa, da yadda buƙatar maganin ciwo ke ta ƙaruwa maimakon raguwa.

Adalci ne a faɗi cewa wannan ba ciwon ɗorin gargajiya ba ne kaɗai. Richard von Volkmann, likitan tiyata na Jamus da ake kiran ƙandarewar yatsun da ke biyo bayan irin wannan mutuwar tsoka da sunansa, ya bayyana ta a 1881, kuma matsattsen bandeji ya ɗora wa laifi. Filastar asibiti da aka zagaye sabuwar karaya da ita tana yin daidai wannan ɓarna. Karaya da dama suna warkewa a hannun masu ɗori, domin ƙashi da kansa yake kamawa, kuma suna kusa, suna karɓar abin da ya sawwaƙa. Abin da ke raba hanya shi ne mai ɗori ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fata, kuma karayar saman gwiwar yaro tana cikin waɗanda gani ya zama dole. Tsoron da iyaye ke yi cewa asibiti yanke hannu ake yi shi ma yana da tushe da ya kamata a kalla da kyau: mafi yawan hannayen da ake yankewa bayan ɗori sun iso ne a ruɓe, bayan kwanaki, sai labarin yankewar ya koma ƙauye ya ƙara tsorata na baya.

Tiyata

An ajiye hannun daidai da tsayin zuciya, ba a ɗaga shi sama ba, don ɗagawa na rage jinin da ke isa tsokar da dama take cikin yunwa. An sa masa ruwa, an ɗebi jini don duba aikin ƙoda da sinadarin fotashiyam, an sa ido kan fitsari, domin matacciyar tsoka tana sakin abin da ke mayar da fitsari ja-baƙi ya toshe ƙoda. An yi allurar rigakafin tetanus saboda fatar da ta buɗe. Inda akwai na'urar auna matsin tsoka, ana shiga tiyata idan tazarar da ke tsakaninsa da lambar ƙasa ta awon jini ta gaza 30. A nan ba a jira na'ura ba. Alamun sun isa.

Bayan an sa shi barci, an yi doguwar tsaga a cikin sangali, daga saman gwiwa, a karkace ta kan gaɓa, har tafin hannu, aka buɗe ramin wuyan hannu da jijiyar tsakiya ke bi. Ana yanka farin tantanin tsoka ta bultso. Ana tantance tsoka da abu huɗu: launinta, taurinta, ko tana motsi idan an tsunkule ta, da ko tana zubar da jini idan an yanka. Na sama sun dawo ja cikin 'yan mintuna. Na can ƙasa, masu lanƙwasa gaɓar ƙarshe ta yatsu da ta babban yatsa, wani sashensu ya yi fari-fari, bai motsa ba. Haka aka saba gani, domin su ne ke manne da ƙashi, kuma ƙaramar jijiya guda ce ke ciyar da yawancinsu.

Babbar jijiyar jini ba ta tsinke ba. An same ta a maƙale kan kaifin ƙashi, ta tsuke. Aka zare ta, aka jiƙa ta da ruwan gishiri mai ɗumi, bugu ya dawo.

Ta wannan tsaga aka mayar da ƙashin. Da a ce yaron ya zo a daren farko da hannu mai ɗumi, da ba sai an yanka ba: a ja hannun a hankali gwiwa a ɗan lanƙwashe, a gyara gocewar gefe tukuna, sannan a lanƙwasa ana tura tsinin gwiwa gaba da babban yatsa, a duba a na'urar hoto, a soka waya ta fata. A nan ma wayoyin ne, guda 3 masu kaurin milimita 2, duk daga gefen waje, a warwatse yadda kowace za ta kama bangon ƙashi na ɗaya gefen. Ana gudun sokawa ta gefen ciki ne saboda jijiyar da ke bayan ƙullin gwiwa, wadda ke sa mutum jin yarrr har ƙaramin yatsa idan ya buge. Amfanin waya shi ne ita ke riƙe ƙashi, ba lanƙwasa ba, don haka aka sa filasta ta baya kawai, gwiwa a kusan digiri 60, gaba a buɗe.

Ba a ɗinke tsagar ba. Bayan awa 48 aka koma aka yanke abin da ya tabbata ya mutu, aka bar wanda ake shakka. Cikin mako na biyu kumburi ya sauka, aka ɗebo siririyar fata daga cinya aka rufe wurin da ya ƙi haɗuwa.

Bayan warkewa

Ƙashin bai ba da wahala ba. Jinin da ya taru a karaya ya zama danƙo mai laushi na guringuntsi, wannan ya koma sabon ƙashi, kuma a mako na 4 hoto ya nuna ya kama, aka zare wayoyin a ɗakin duba marasa lafiya. An kula sosai da cewa guntun ƙasa bai karkata ciki ba. Lafiyayyen hannu idan an miƙe shi, tafi na kallon gaba, sangali kan ɗan fita waje da kamar digiri 5 zuwa 15. Idan karayar ta kama a karkace ciki, hannun zai zauna a gwame, kuma girma ba zai gyara shi ba. Iyaye kan ce yaro ne, zai miƙe. A wasu wurare gaskiya ne, amma ba a nan ba: kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon ƙashin damtse daga farantin girma na wajen kafaɗa yake fitowa, wato guringuntsin da ƙashi ke ƙara tsawo ta wurinsa, na gwiwa 20 kawai yake bayarwa, kuma karkatar gefe ba ta cikin hanyar da gaɓar ke motsi.

Gwiwar ta sake a hankali da wasa da amfani na yau da kullum. An hana kowa ja ko murza ta da ƙarfi, domin tausa mai zafi a gwiwar da ta karye tana iya sa ƙashi ya tsiro cikin tsoka, gaɓar ta daskare. Aikin gashin ƙashi ya fi karkata ga yatsu: miƙar da su sau da yawa a yini, da ɗan katakon roba da ke riƙe su a miƙe da dare. Ji a kan manuniya ya fara dawowa a wata na 3.

Matacciyar tsoka kuwa ba ta sake zama tsoka. Tabo ne ke maye gurbinta, kuma tabo tsukewa yake yi, ba ya kuma tsawo tare da ƙashin yaro mai girma. A wata na 6 alamar ta fito sarai: idan an lanƙwasa wuyan hannu, yatsu sai su miƙe, idan an miƙar da wuyan hannu, yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami sai su naɗe cikin tafi, babban yatsa ya ja ciki. Wannan ke nuna gaɓoɓin yatsu lafiya suke, igiyar da ke jan su ce ta gajarce.

Da wani ya san abin yi a yammacin faɗuwar, aikin ɗan kaɗan ne: a tallafe hannun yadda aka same shi da kwali ko katako mai shimfiɗar auduga, a naɗe sako-sako yadda yatsa zai shiga ƙarƙashi, a cire zobe, awarwaro ko kambu, a bar yatsu a waje ana duba launi da ɗuminsu, a daina ba yaro abinci saboda yiwuwar tiyata, a kama hanya. Ko bayan an yi ɗorin, da an kwance shi har fata a lokacin da kukan ya canza, da akwai kyakkyawan zaton tsokar ta tsira.

Bayan shekara guda yaron yana riƙe kofi da ƙwallo, amma ba ya iya baje tafinsa a kan tebur, kuma ɗaukar ƙaramin abu kamar allura ko maɓalli yana ba shi wuya. Tunda tsokokin sama da na bayan sangali suna da rai, abin da aka tsara shi ne a kwance tushen tsokoki masu lanƙwasa yatsu daga ƙullin gwiwa na ciki da jikin ƙashin sangali, a zame su ƙasa da 'yan santimita, a kuma ɓamɓare tabon da ya naɗe jijiyar tsakiya. Idan ƙarfin kamu bai isa ba bayan haka, sai a karkato agarar wata lafiyayyar tsoka daga bayan hannu ta ɗauki aikin babban yatsa. Wannan aiki ne na cibiya mai likitocin hannu, irin Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano ko manyan asibitocin koyarwa, kuma za a ci gaba da duba shi har ya gama girma, domin duk tsawon da ƙashin sangali ya ƙara, tabon zai sake jan yatsun.